Dawo da 'Yar Farina daga Dapaong

Cikina na biyu bai gama fitowa ba na fara shirya 'yar farina, kuma duk gidanmu na unguwar Kpangalam ni kaɗai nake ganin akwai abin shiryawa. Ta ɗan haura shekara uku a lokacin. Ta saba da bayana, ta saba da gefen katifata, ta saba in na dama koko ita ce mai kurɓar farko. Ba na so ta farka wata safiya ta tarar da wani a wurinta ba a gaya mata ba.

Tun ina budurwa nake karanta littattafan soyayyar nan da direbobin manyan motoci ke kawo mana Sokode daga Kano, waɗanda muke karɓa hannu da hannu har bangonsu ya rabu da su. A cikinsu in matar gida ta samu ciki na biyu, sai ta zauna a falo mai sanyi, ta ɗora hannun yaronta a kan cikin, maigidan yana tsaye a bayan kujera yana murmushi, yaron ya ce shi ƙanwa yake so. Ni ba ni da falo. Ɗaki da rumfa muke haya, a gidan da kowa ke jan ruwa a rijiya ɗaya. Amma hoton nan ya zauna mini a kai, na ce sai na yi irinsa.

Na fara da maigidana. Kayan babur yake sayarwa kusa da babbar kasuwa, yakan dawo da baƙin mai a farcensa da yunwa a fuskarsa. Wata rana na yi wanka, na sa turare, na zaunar da yarinyar a cinyata, na ce masa ya zo ya tsaya nan bayana mu gaya mata tare.

Ya ce, "Mu gaya mata me?"

Na ce, "Cewa za ta samu ƙane."

"Ni wa ya gaya mini? Tashi kawai na yi na ji an ce ina da ƙanne. Ga ni kuwa ban mutu ba. Akwai sauran miya?"

Daga ranar na cire shi daga lissafina. Na samu totuwar masara mai kauri, na ɗinka mata riga da ƙyallen atamfa, na yi mata gashi da baƙin zare. Na koya wa yarinyar yadda ake goya ta da ɗankwali, yadda ake tallafe kai, yadda ake jijjigawa. Nakan kama hannunta in ɗora inda cikin ke motsi, ta janye da sauri tana dariya, ta ce kwaɗo na haɗiya. Na ce mata ita ce Yaya. Ta tambaya ko jaririn zai cinye mata wagashi, cukun nan da take so, na ce ba shi da haƙori. Ta tambaya ko zai kwana a wurinta, na ce wurinta yana nan. Sai na yi mata alkawari biyu, na yi ta maimaita su har ta haddace: ita za ta fara ganinsa in mun dawo daga asibiti, kuma ita za ta riƙa riƙe mini sabulu in ana masa wanka.

Duk wannan a bayan labule nake yi. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan surukata aka sa mata, saboda haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "waccan". A tsakar gida ba na ɗaukarta in yi mata wasa, ba na yabonta, in ta faɗi sai in jira wata ta ɗaga ta. Haka aka rene ni, haka kowa ke jira ya gani. Abin da na gina a ɗaki kuwa, tana fitowa tsakar gida ake rushe mini shi. Akwai maƙwabciyarmu, Batemiya, 'yar ƙabilar mutanen garin, mai sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida, mace mai kirki da bakin tsiya. Tana ganin yarinyar da goyon totuwa sai ta tafa hannu, ta ce da gurguwar Hausarta:

"Kai, yarinya, naka ya ƙare! Jariri ya zo, bayan Mma ya tafi. Kai sai ƙasa!"

Yarinyar ta rugo ɗaki da kuka. In na yi ƙorafi a ce wasa ne, kowa da haka aka yi masa. Sai in sake farawa daga farko, in sake kama hannu, in sake maimaita sabulu.

Da cikin ya tsufa, surukata ta zo daga Dapaong. Ta kawo albasa da daddawa da ƙwan zabi a cikin gero don kada ya fashe. Mace ce doguwa mai ƙarancin magana, tana suyar ƙuli-ƙuli a zangon can, kuma ba ta taɓa yi mini abin da zan riƙe ta da shi ba. Ta kwana biyu, tana ta tsokanar jikarta, tana ce mata takwara. Ana gobe za ta koma, muna zaune a rumfa bayan la'asar, ta ce ba tare da ta kalle ni ba:

"Takwarata za ta bi ni. Mai tsohon ciki ba ta fama da yaro. In kin yi arba'in sai a gani."

"Sai a gani" ɗin nan bai kwanta mini ba. Na san yaran da aka kai wa kaka don uwa ta huta, ba su dawo ba sai da aka zo neman aurensu. Na dubi maigidana, ya dubi wayarsa. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna." Babu wata amsa da aka koya mini.

Da ta shiga alwala na ja shi gefe.

"Ka ce mata wani abu mana."

"In ce wa uwata ba za ta ɗauki jikarta ba? Taimakonki fa take yi."

"Ban ce ba taimako ba ne. Na riga na yi wa yarinyar alkawari."

"Wane alkawari?"

"Sabulu."

Ya kalle ni kamar mai zazzaɓi. Ya ce in ina da magana ga Inna can, in faɗa da bakina. Ya san sarai ba zan iya ba. Uwar da ta ce tana son 'yar farinta kusa da ita, a gaban surukarta, ta yar da kunyarta a tsakar gida ke nan.

Da safe aka sa wa yarinyar sabuwar riga, ta goya totuwarta, tana ta tsalle za ta shiga mota. Uwa ba ta raka 'yar fari tasha, don haka na tara kwanoni a bakin rijiya na ba su baya. Ta zo ta ja zanena.

"Mma, jariri zai jira ni?"

Matan gida duk suna nan. Na ce, "Ke, je ki, ana jiranki."

Na ji ƙarar babur ɗin da ya ɗauke su har ya kai kwana. Wata tsohuwa daga cikin 'yan haya ta ce, "Kai, wannan yarinya akwai kunya, ko ɗaga kai ba ta yi ba." Kwano ɗaya na yi ta cuɗawa har ya yi ƙara, ina jin haushin yabon fiye da yadda zan ji haushin zagi.

Jaririn bai jira ta ba. Ya zo cikin damina, namiji, lafiyayye, mai yawan kuka. Ungozoma ta gan shi, ubansa ya gan shi, mai wake da shinkafa ta gan shi ta ce hancin kakansa ne, duk Kpangalam ta shigo ta leƙa. Gwaggona ce ta zo yi mini wankan jego, ita ke wanke shi, sabulun kuma a kan murfin bokiti yake zama. Kullum sai idona ya je kansa.

Na sa rai ranar suna. Na ɗinka wa yarinyar anko irin nawa, na ninke na ajiye a saman akwati. Surukata ta sauko daga babur ita da ƙanwar maigidana, na leƙa bayansu ta taga, babu kowa. Da ta shigo barka ta ce hanya da nisa, ga takwara tana mura. Na gaishe ta, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi maƙwabta, na tambayi sana'a, har awaki na tambaya, ko za ta kawo zancen da kanta. Ta ce duk lafiya lau. A nan zancen ya tsaya.

In maigidana ya kira Dapaong, nakan zauna kusa ina shayarwa, kamar ba na saurare. Wani lokaci in jiyo muryar yarinyar daga nesa tana faɗa da wasu yara, tana jefa kalmomin yaren Moba na can da ban san su ba. In an ce ta zo ga Baba, ta zo ta ce a sayo mata alawa ta gudu. Ni ba a miƙo mini waya. Me zan ce da ita a gaban mutane?

Arba'in ta cika, ba wanda ya ce a gani. Na ce wa maigidana yawon arba'in ɗina har da Dapaong.

"Dangin Sokode ba su ishe ki ba? Da ɗanyen goyo za ki hau wannan hanya?"

Na ce, "Ai ya kamata dangin ubansa su gan shi." A haka ya yarda.

Na shiga ƙaramar bas da safe, jariri a cinya, ankon nan a cikin jaka. Muka ratsa tsagaggen dutsen Aledjo, muka sha zama a Kara ana ɗaure kaya a sama, muka haura. Ni duk hanya ina tsara yadda za a yi. Zan tsaya a ƙofar zaure, mayafina yana kaɗawa. Yarinyar za ta ɗago kai, abin hannunta ya faɗi, ta taho a guje. Zan durƙusa, ko da kunya ko babu. A gadar Mango masu kifi suka cika tagogi, wata ta zura tirenta har kan jaririna, ban ko ji haushi ba, ina can cikin zaure.

Mun isa rana ta yi sanyi. Na tarar da ita zaune kusa da kaskon kakarta, an yi mata wani kitso da ban saba gani ba, ta yi ƙiba, hannunta duk mai. Ta ɗago kai kam. Sai ta tashi ta shige bayan zanen surukata.

Surukata ta ce, "Takwara, wace ce wannan? Ba ki san ta ba?"

Ta leƙo da ido ɗaya. "Mman jariri ce."

"To je ki gaishe ta."

"Mma, ni ƙuli zan ci." Ba da ni take ba. Kakarta take kira haka.

Mutanen gida suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Aka karɓi jaririn ana ta juya shi, ana yaba nauyinsa. Aka ce ta zo ta ga ƙanenta, ta ce ba ta so. Na ba da ankon a sa mata, ta ce yana mata ƙaiƙayi. Totuwar kuwa a bayan randa na gan ta, ba riga, gashin ya tsinke. Na tsaya ina kallonta ina tunanin watannin da na ɓata a bayan labule.

Washegari da hantsi na haɗa ruwan wankan jariri a tsakar gida. Na zauna a kujera 'yar tsugune, na shimfiɗa shi a ƙafafuna. Yarinyar tana can gindin bango tana tona ƙasa da tsinke, ta juya mini baya kamar yadda na juya mata a bakin rijiya. Ban kira ta ba. Na ce da iska, "Wa zai riƙe mini sabulu?"

Wata 'yar gidan ta taso da gudu ta miƙo hannu. Kafin ta taɓa, tawa ta iso ta bangaje ta.

"Ni aka ce! Ni aka ce!"

Ta damƙe sabulun da hannu biyu har yana sulluɓewa. Ta tsaya tana kallon jaririn, shi kuwa yana ta tsala ihu. Sai ta dube ni, karo na farko sosai tun zuwana.

"Kin ce ni zan fara ganinsa. Kowa ya gan shi."

Surukata tana bakin murhu, ta ji. Ba ta juyo ba, amma ludayinta ya tsaya. Ni kuma na ci gaba da cuɗa bayan yaron fiye da yadda yake buƙata. Ashe yarinyar ba mantawa ta yi ba. Ta riƙe komai, jira kawai ta yi ta yi, har ta gaji ta yi fushi.

Ranar da zan koma, surukata ta jera mini tsaraba a tabarma: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, zanen goyo sabo. Na duba, babu ƙullin kayan yarinya. Ta ce, tana ɗaure bakin leda, "Takwara ta saba da nan. Akwai malam a bayanmu, bayan Salla sai ta fara zuwa allo. Ke ki ji da wannan."

Na san in na ce "To, Inna" yanzu, shi ke nan. Na sauka daga tabarmar na durƙusa.

"Inna, ina so in tafi da ita."

Ƙanwar maigidana tana tsefe kai, ta saki matajin.

"La ilaha! Yau na ga abu. Yaya, 'yar farin taki kike roƙo da bakinki? A gaban Inna?"

Na ce, "Ita."

"Ko ba ma ba ta abinci ne?"

"Kuna ba ta. Ta fi yadda ta zo."

"To mene ne?"

Kaina yana ƙasa, ina kallon ƙafar surukata da fason da ke dugaduganta. Da ta yi magana, muryarta ba taushi.

"Littattafan nan da aka ce kina karantawa, su suka koya miki wannan?"

"A'a, Inna."

"Ƙarya kike, su ne." Ta ƙulle ledar ta ajiye. "Ubanta ana yaye shi aka kai shi Mango wajen kakarsa. Ni ban buɗe baki ba. Har yau ana ba da labarin kunyata a garin nan." Ta ture ledar gefe. "Da ya dawo, daga ƙofar ɗaki yake gaishe ni."

Ta tashi tana dafa gwiwa. Na ɗauka za ta ƙara wani abu mai daɗi, irin wanda tsofaffi ke faɗa a shafin ƙarshe. Cewa ta yi, "Ni ba zan haɗa mata kaya ba. Wadda ba ta ji kunyar roƙo ba, ba za ta ji kunyar naɗe tsumma ba. Suna cikin kwalla. Kuma duk Babbar Salla nan za ta yi."

Na shiga ɗakinta ni kaɗai na kwashe 'yan rigunan. Duk a wanke suke, a ninke, suna ƙamshin turaren wuta. Akwai wasu sababbi da ta ɗinka mata masu girma, na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Su ne suka fi ba ni wuya. Na bar su a kwallar.

Surukata ba ta raka mu ba, ta koma bakin kasko ta ba mu baya. Yarinyar ta ɗauka yawo za mu, sai da bas ta tashi ta gane. Ta fasa kuka tana kiran Mma, tana dukan gilashi, ba ni take nufi ba. Ta yi kukan har Mango. Wani dattijo a bayana ya ce, "Baiwar Allah, anya 'yarki ce?" Na ce tawa ce. Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba, kuma a cikin haushi na faɗa. Bayan Mango ta yi amai a kan sabon zanen goyon. Daga nan ta ce sai na goya ta, a cikin motar da ko gwiwa ba ka iya miƙewa. Na ɗora ta a cinya ɗaya, jariri a ɗaya, ƙafata ta mutu tun kafin Kara. Da na ɗan rufe ido ta mintsine shi a cinya don ta ga ko zai yi kuka. Ya yi.

Labarin ya riga ni isa Sokode. Maigidana yana tsaye a tasha fuska a murtuke, ƙanwarsa ta riga ta kira shi.

"Kin san abin da ake faɗa a Dapaong yanzu?"

Na ce, "Karɓi jakar nan, hannuna ya sage."

Ya karɓa. Ya dubi yarinyar da ta yi barci a kafaɗata da busasshen hawaye, ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya fasa, ya ɗauke ta ya saɓa. Bai yi mini maganar kirki ba har mako ya zagayo. A gida mai wake da shinkafa ta sa mini suna marar kunyar Kpangalam, tana faɗa tana dariya tana ƙara mini taliya a kwano. Tsohuwar da ta yabe ni a bakin rijiya kuwa ta rage amsa gaisuwata.

Yarinyar ta ɗauki lokaci tana ce mini Mman jariri. Ta koma fitsarin kwance, ta ce ita ma nono za ta sha, ta tambayi ubanta yaushe za a mayar da yaron asibiti. Babu ranar da ta sumbace shi. Amma kullum da hantsi, da ta ji na sauke ruwa daga wuta, duk inda take sai ta taho ta tsaya a gefen baho da sabulu a hannu biyu, fuska a ɗaure kamar mai gadi. Sau da yawa a idonsa take sa masa kumfar. In yi tsawa in ce, "Ke!", shi ya yi ihu, ita ta yi ihu, matan gida su leƙo su ga me ya faru.